Baƙo a Bakin Tafkin Champlain: Hukuncin Kallo, Sayayya da Yawon Dare

Burlington shi ne birni mafi girma a jihar Vermont da ke arewa maso gabashin Amurka, ko da yake mazaunansa ba su kai 45,000 ba a ƙidayar 2020. Yana zaune a jikin tudu, a gaɓar gabas ta tafkin Champlain, wanda ya raba Vermont da jihar Niyok, ya kuma zura kansa cikin Kanada. A saman tudun akwai Jami'ar Vermont da aka kafa a 1791, a gindinsa kuma ruwa ne. Tsakanin biyun aka jera kantuna da gidajen abinci da zaurukan wasa da mashaya. Mai tafiya a ƙasa zai gangaro daga jami'ar zuwa bakin ruwa cikin rabin sa'a, kuma a wannan 'yar tazara garin ya tara kusan duk abin da yake tallata wa baƙo.

A ƙarni na 19 katako ne arzikin garin. Ana sauko da itace daga dazukan Kanada ta cikin tafkin, a gyara shi a Burlington a tura kudu, har tasharsa ta shiga sahun manyan tashoshin katako na Amurka. Da sana'ar ta mutu, sai garin ya jingina da jami'a, da babban asibitin da ke haɗe da ita, da kuma baƙi: iyayen ɗalibai masu zuwa bikin yaye 'ya'yansu a watan Mayu, mutanen Montreal da ke da tafiyar sa'o'i biyu a mota, da masu zuwa da kaka don kallon ganyen itatuwa lokacin da ya rine ja da rawaya. Abubuwa uku ake shimfiɗa musu, wato fasaha da kasuwa da shagalin dare. Tambayar da ke gaban baƙon da ya zo da addini a zuciyarsa ita ce ko waɗannan ukun hukuncinsu ɗaya, kuma da wane mudu ake auna su.

Tambayar ta girmi Burlington nesa ba kusa ba. Aristotil, a ƙarshen littafinsa na siyasa, ya raba hutu gida biyu. Akwai hutun da mutum ke yi don ya warware gajiya ya koma bakin aiki, wanda ya ɗauka kamar magani ne. Akwai kuma sararin da mutum ke samu ya yi tunani ko ya saurari abu mai kyau don darajar abin kansa, kuma wannan ne a wurinsa dalilin da ya sa ake wahalar aiki tun farko. Daga kalmar Girkanci ta wannan sarari Turawa suka samo sunan da suke kiran makaranta. Malaman Musulunci sun bi wata hanya, suka iso kusa da wurin. Alƙur'ani ya zargi lahawu, wato abin da ke shagaltar da zuciya daga abin da ya fi shi muhimmanci, amma hadisin Hanzala da ke cikin Sahihu Muslim ya nuna cewa ba a ɗora wa mumini zama a hali ɗaya kullum ba. Akwai lokacin zikiri, akwai lokacin iyali da harkar duniya. Imam Shaɗibi, malamin Malikiyya na Andalus da ya rasu a 1388, ya jera maslahar ɗan Adam hawa uku: larura, buƙata, da ƙawa. Nishaɗi yana hawa na uku. Yana da gurbi a shari'a, amma ba a yarda ya rushe abin da ke hawan farko ba, wato addini, rai, hankali, zuriya da dukiya. Da wannan mudu za a iya auna duk abin da ke tsakanin tudu da tafki.

Kafin nan akwai maganar baƙunci kanta. Hausawa na cewa tafiya mabuɗin ilimi, suna kuma cewa baƙo raɓa ne, kuma a karin magana ta biyu haɗarin yake. Wanda ya san jibi zai bar gari, kuma babu wanda ya san gidansu, yakan ji kamar an sauke masa wani nauyi. Malaman Larabci sun daɗe suna danganta kalmar safar da ma'anar yaye lulluɓi, domin tafiya tana tona halin mutum idan idon dangi da na unguwa sun ɗauke daga kansa. Shari'a ta yi wa matafiyi rangwame, amma ta ƙidaya shi: ƙasaru a salloli masu raka'a huɗu, haɗa salla biyu a wasu halaye, da ajiye azumi a rama daga baya. A mazhabar Malik rangwamen ƙasaru yana faɗuwa da zarar mutum ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku. Duk wannan sauƙi ne a kan wahalar hanya. Babu wani malami da ya ce nisan gida yana halatta abin da yake haramun a gida.

A ɓangaren fasaha, wuri na farko da ake kai baƙo shi ne gidan kayan tarihi na Fleming da ke cikin jami'ar, wanda aka buɗe a 1931. Ya tara zane-zane da sassaƙe-sassaƙe da kayan al'adun ƙasashe daban-daban, har da gawar da mutanen tsohuwar Masar suka busar. Nan take batun surori ke tasowa. Ra'ayin da ya shahara a Malikiyya ya bambanta mutum-mutumi cikakke mai inuwa na abu mai rai, wanda yin sa haramun ne, da zanen da ke shimfiɗe a takarda ko ƙyalle, wanda bai wuce karhanci ba. Zanen duwatsu da ruwa da itatuwa, wanda masu zanen Vermont suka fi yawaitawa, babu jayayya a kansa. Kuma hukuncin ƙera abu daban yake da na tsayawa a gabansa don sanin yadda wasu al'ummu suka rayu, tunda Alƙur'ani ya sha yin umarni da a zaga ƙasa a duba ƙarshen waɗanda suka gabata.

Garin yana da nasa masanin falsafa a wannan fage. An haifi John Dewey a Burlington a 1859, ya gama jami'ar a 1879, kuma kabarinsa yana harabarta. A littafinsa na 1934 a kan fasaha ya koka da yadda aka raba kyawawan ayyuka da rayuwar yau da kullum, aka kulle su a gidajen kallo inda mutane ke wucewa shiru kamar masu ta'aziyya. A ganinsa fasaha tana nan duk inda mutum ya tattara hankalinsa ya yi abu da kyau har ya kai shi ƙarshe, ko da mai gyaran mota ne ko mai shuka furanni. Dewey bai gina tunaninsa a kan wahayi ba, kuma Musulmi ba zai bi shi a komai ba, amma a nan ya yi kusa da abin da addini ke kira ihsani da kyautata aiki. Mai son ganin wannan ya bar tudu ya nufi titin Pine a kudancin gari, inda tsofaffin masana'antu suka zama rumfunan masu ginin tukwane, masu busa gilashi da masu buga zane. Kowace Satumba suna buɗe ƙofofinsu ga jama'a na 'yan kwanaki. A can baƙo zai ga mai busa gilashi yana juya sandar ƙarfe a bakin tanderu, narkakken gilashin yana rinjaya gefe kamar zuma, shi kuma bai ɗauke ido ba ko na ƙiftawa, domin ya san in ya yi sakaci aikin yini ya tafi. Wanda ya taɓa tsayawa a rumfar maƙeri ko bakin karofi ba zai ji baƙunci a wurin ba.

Kiɗa ne inda saɓanin malamai ya fi faɗi. Zauren Flynn, wanda aka buɗe a 1930 a matsayin gidan sinima da wasanni, yanzu shi ne babban dandalin kiɗa da rawa da wasan kwaikwayo na jihar, kuma tun 1984 garin ke yin bikin kiɗan jaz a watan Yuni. Ibn Abid Dunya tun ƙarni na 9, da Ibnul Jauzi da Ibnul Ƙayyim bayansa, sun tsananta a kan kayan kiɗa, kuma mashhurin Malikiyya ya karkata ga hani in ban da tambarin biki. Ibn Hazm na Andalus ya raunana hadisan hanin ya halatta, Ibnus Salah kuma ya yi masa raddi a kan hadisin da ke cikin Buhari. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya keɓe wa batun littafi guda a cikin Ihya'u, kuma maganarsa ta fi amfani ga baƙo. Ya ce sauti mai daɗi ba ya zuba wa zuciya sabon abu, abin da ke cikinta yake motsawa, saboda haka hukunci yana bin halin mai saurare, da lokaci, da wuri, da abokan zama. Duk da wannan sassauci ya hana kayan tsirkiya da na busa, kuma dalilin da ya bayar shi ne cewa sun zama tambarin mashaya, jin su yana tuna wa mutum zaman giya. Ke nan ko a wurin mai sassauci, zaure mai kujeru da mutane ke zaune suna saurare ba ɗaya yake da ɗakin da kiɗa ke yi wa kwalba hidima ba. Malaman Sakkwato ma sun yi wannan rarrabewa a aikace: sun soki kiɗan shagala da cakuɗar maza da mata, alhali Shehu Usmanu da 'yarsa Nana Asma'u da waƙa suka isar da ilimi ga waɗanda ba su iya karatu ba.

Kasuwa ta fi sauƙin hukunci. Cibiyarta ita ce titin Church, wato Titin Coci, wanda aka rufe wa motoci a 1981 aka shimfiɗa masa jan bulo. Sunan ya samo asali daga cocin da aka gina a 1816, wanda har yau hasumiyarsa ke tsaye a ƙarshen titin tana kallon masu sayayya. Ibada da ciniki sun daɗe suna maƙwabtaka, sun kuma daɗe suna ja-in-ja. Kiristocin wannan yanki sun yi zamani suna hana buɗe shago ranar Lahadi da ƙarfin doka. Suratul Jumu'a ta ambaci ranar da ayarin fatake ya shigo Madina mutane suka watse suka bar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, tsaye yana huɗuba, amma surar ce kuma ta yi izinin komawa neman arziki da zarar an idar da salla. Hadisi ya sa kasuwa a matsayin wurin da Allah ya fi ƙi a cikin gari saboda rantsuwar ƙarya da algus da gafala, alhali Annabin da ya faɗi haka ɗan kasuwa ne kafin aike, kuma shi ya kafa wa Musulmi kasuwa a Madina.

Abin dubawa a sayayyar baƙo shi ne niyya da iyaka. Mai hidimar gida yana shiga kasuwa da buƙatarsa a hannu. Mai yawon buɗe ido yana shiga hannu rabbana, sai kasuwar ta ƙirƙira masa buƙata. Masanin tattalin arziki Thorstein Veblen ya yi bayani a 1899 a kan sayen abu don a ga an saya, kuma malaman fiƙihu sun riga shi da babin almubazzaranci da riya. Ga kuma katin bashi, wanda a Amurka ke ɗora kuɗin ruwa a kan duk abin da ba a biya a kan kari ba, ya mayar da tsarabar da take halal ƙofar riba. Sai dai Vermont ta cancanci yabo a nan, domin tun 1968 ta hana kafa manyan allunan talla a bakin hanya, kuma mutanenta suna alfahari da sayen abin da maƙwabci ya noma ko ya ƙera. A kasuwar manoma ta ranar Asabar, wadda ke ci daga bazara zuwa kaka, mai sayar da zumar itacen mapul yawanci shi ne ya huda itacen a ƙarshen hunturu, ya tari ruwan, ya dafa kusan lita 40 kafin ya sami lita 1. Sayen tsaraba a hannun irin wannan mutum, don a faranta wa na gida, ciniki ne mai tsabta da zumunci a haɗe.

Dare ne ke buƙatar dogon tsayi. Hausa tana da karin magana biyu a kansa da suke kamar suna karo da juna: dare mahutar bawa, da dare rigar mugu. Dukansu gaskiya ne, domin duhu ba shi da laifin kansa. An ruwaito cewa Annabi ba ya son barci kafin lisha da hira bayanta, amma Buhari ya buɗe babi a kan hirar dare don ilimi, da wani a kan hira da baƙo da iyali, malamai kuma suka fahimci cewa abin gudu shi ne hirar banza da ke cinye asuba. Fita cin abinci da dare, ko zaman sauraren lacca, ko yawo a bakin ruwa da abokai, duk suna cikin abin da aka bari a buɗe.

Matsalar daren Burlington, kamar ta yawancin garuruwan jami'a a Amurka, ita ce an gina shi a kan giya. Daga ƙarfe goma na dare kantuna sun rufe, titin Church da titin Main sun koma hannun mashaya, matasa suna layi a ƙofa ana duba katin shaidarsu don tabbatar sun kai shekara 21, kuma doka ta yarda a yi ta sayarwa har ƙarfe biyu. Jihar ta yi suna da ƙananan masana'antun giya, kuma tun Oktoban 2022 ana sayar da tabar wiwi a shago da lasisi. A nan babu saɓanin mazhabobi irin na kiɗa. Haramcin abin maye nassi ne, kuma hadisi ya hana mumini zama a teburin da ake zagaya da giya ko da ba ya sha. Dalilin shi ne kare hankali, ɗaya daga larurori biyar ɗin nan. Hujjar ba ta tsaya ga Musulmi ba. Gari ne da iyaye ke biyan maƙudan kuɗi don a wasa hankalin 'ya'yansu a saman tudu da rana, sannan a gindin tudun akwai sana'ar da ribarta ke ƙaruwa gwargwadon yadda hankalin ya dushe da dare. Ko a ma'aunin Aristotil, shagalin da mutum ba ya iya tuna shi da safe bai cika hutun warware gajiya ba, balle sararin tunani. Ko a na Dewey, abin da ya sa aiki ya zama fasaha shi ne tattara hankali, maye kuwa watsa shi yake yi.

Mutanen Vermont da kansu sun taɓa kai wannan magana maƙura. Jihar ta haramta sayar da giya daga 1853 har kusan shekara 50, tun kafin Amurka baki ɗaya ta yi haka daga 1920 zuwa 1933, kuma limaman coci da ƙungiyoyin mata ne suka ja ragamar yunƙurin saboda abin da suka gani a gidaje. Dokar ba ta yi nasara ba. A shekarun hanin ƙasa tafkin Champlain ya zama hanyar 'yan sumoga daga Kanada. Wannan tarihi yana tabbatar da hikimar yadda haramcin ya sauka a Madina hawa-hawa, bayan an gina zukata, har ya zama mutane da hannunsu suka zubar da tulunansu a titi. Baƙo a Burlington ba shi da doka a bayansa, ba shi da idon unguwa. Abin da ya rage masa shi ne abin da ya zo da shi a ƙirji.

Wannan bai ba shi izinin raina masu gari ba. Yawancin gidajen abinci a can suna sayar da giya tare da abinci, kuma malaman da ke ba Musulmin ƙasashen Yamma fatawa sun bambanta shiga wurin da aka gina don sha da shiga wurin cin abinci don buƙata, tare da nisantar teburin da ake sha. Wanda abokan karatu ko na taro suka gayyata mashaya yana iya ƙi cikin ladabi, ya ba da shawarar shagon gahawa ko na askirim, wanda garin ba ya rasawa, tunda a wani tsohon gidan mai na Burlington kamfanin askirim na Ben & Jerry's ya fara a 1978. Haƙƙin mai masauki a kan baƙo shi ne kyakkyawar mu'amala da bin dokar gari, ba tarayya a abin da ya saɓa wa imaninsa ba.

Abu mafi daraja a garin ba na sayarwa ba ne. Bakin tafkin ya daɗe a hannun kamfanin jirgin ƙasa, cike da tankunan mai da tarkace, har aka yi dogon rikici a kansa a shekarun da Bernie Sanders ke magajin gari, daga 1981 zuwa 1989, kuma a 1989 kotun ƙolin jihar ta yanke cewa filin da aka cike daga tafkin amana ce ta jama'a. Yanzu lambu ne da hanyar keke, kowa na shiga kyauta. Da yamma mutane kan taru suna kallon rana tana faɗawa bayan duwatsun Adirondack a ƙetaren ruwa, kuma irin wannan kallo ne addini ya ɗaga daga halal zuwa ibada idan an haɗa shi da tunanin Mahalicci. Faɗuwar ranar ita ce kuma agogon baƙo. A ƙarshen Yuni magariba tana kaiwa kusan ƙarfe 8:40, lisha ta wuce goma, alfijir ya keto tun ƙarfe huɗu ba ta yi ba, don haka wanda ya kai ƙarfe biyu a waje da wuya ya sami asuba a kan lokaci. A Disamba kuwa rana tana faɗuwa jim kaɗan bayan ƙarfe huɗu na yamma, daren ya yi tsawo har ya isa hira da barci da tsayuwa. Yankin yana da al'ummar Musulmi, da yawansu 'yan gudun hijira daga Bosniya da Somaliya da aka tsugunar tun shekarun 1990 da 2000, kuma masallacinsu yana South Burlington, tafiyar 'yan mintuna a mota daga titin Church.